Satar Intakula a Gareji

Sufeto ya buɗe kwanon abincin rana ke nan kofur ya leƙo ya ce an yi sata a garejin bayan tasha. Ya dubi kwanon da takaici, ya rufe, ya ɗauki hularsa.

A tsakiyar garejin ya tarar da wata jar mota a kan jak, an cire mata bamba, gabanta wayam. Maigareji, dattijo mai furfura, yana tsaye da 'yarsa Auta, wadda ke yi masa walda. Mai motar kuwa sai kai da komo yake yana huci.

"Me aka ɗauka?" in ji Sufeto.

"Intakula, ranka ya daɗe," in ji dattijon. "Mun tafi cin abinci, muka dawo babu ita."

"Yi mini Hausa, Baba."

Auta ce ta amsa. "Yallaɓai, motar tana da supacaja, na'urar da ke ɗura wa inji iska da ƙarfi. Iska in an matse ta zafi take yi, inji kuma ba ya son ta da zafi. Shi ne muka sa intakula a gaba, bayan bamba. Kamar lagireto take, amma ba ruwa a cikinta. Iskar hanya ce ke bugun ta, ta sanyaya ta ciki."

"Ba 'muka' ba ne," in ji Maigareji, yana buga ƙirji. "Ita ta yi! Ita ta auna, ta yanka alminiyam, ta lanƙwasa bututu, ta yi walda. Ni kallo ne nawa."

Mai motar ya yi tsaki. "Yau za a gwada ta a gaban abokaina. Ni na san abin da ya faru. Yarinyar ta ga aikinta yana yoyo, ta ɓoye don kada ta ji kunya. In haka ne, babu wanda zai sake ba ta ko gyaran salansa a garin nan."

Idon Auta ya kaɗa.

Sufeto ya durƙusa a gaban motar. Bai san inji ba, amma ya san ɓarayi, kuma yana ji da kansa a wannan fannin. Bakin bututu biyun da aka cire intakular daga jikinsu an toshe su da tsumma mai tsabta. Kowane noti an mayar da shi kan kusarsa.

"Wa ya toshe waɗannan?"

"Haka na tarar," in ji Auta. "Don kada ƙura ta shiga inji ake yi."

"Ɓarawon titi fizga yake ya ruga," in ji Sufeto. "Wannan yana tausayin mota."

Ya sa aka kira maigadi.

"Ina kake da aka tafi cin abinci?"

"A bakin ƙofa, yallaɓai. Ko ƙuda bai wuce ni ba."

"To kai ne ke nan. Kofur, kawo ankwa."

Nan take maigadi ya tuna cewa ya ɗan zaga sayen rake. Ya kuma tuna cewa da ya dawo, ya ga sawun baro daga wajen motar zuwa rumfar baya.

Rumfar baya ta Baffa ce, ƙanen Maigareji, mai gyaran lagireto. Suka same shi a kan benci ya naɗe hannu da bandeji.

"Yau ban taɓa ko sifana ba," ya ce. "Hannu ke ciwo."

Sufeto ya dubi ƙasa, a jiƙe take sharkaf. Kusa da babban kwamin ruwan da Baffa ke tsoma lagireto don gano yoyo, tiyon famfon iska yana kwance yana ɗigar ruwa. Ga kuma wata robar toshiya da aka yanka daga tsohon tif ɗin taya.

"Auta, bakin lagireto yana kai faɗin wannan robar?"

Ta juya ta a hannu, muryarta ta yi sanyi. "A'a, yallaɓai. Wannan faɗin bututuna ne."

Sufeto ya naɗe hannun riga, ya zura hannu cikin baƙin ruwan. Da kofur ya taya shi, suka ɗago intakular tana sheƙi, ruwa na zuba.

Maigareji ya dafe bango. "Kai? Kai da muka sha nono ɗaya?"

Baffa ya sunkuyar da kai, ya kwance bandejin ya jefar.

"Ni ne, Yaya. Tun kafin a haife ta duk abin da ke sanyaya mota a garejin nan ta hannuna yake bi. Aka kawo aiki mafi girma, ka tsallake ni ka ba ta. Baƙin ciki ya ci ni. Na ce bari in tsoma aikin nata, in gano inda yake yoyo, in nuna wa duniya."

"Ka gano?" in ji Sufeto.

"Na hura mata iska. Na ƙara. Na ƙara har famfon ya fara kuka." Baffa ya ɗago ya dubi mai motar ido cikin ido. "Ko kumfa ɗaya bai tashi ba. Na gama tsufa a kan ruwan nan, ban taɓa ganin walda irin wannan ba. In ka sake cewa aikin 'yata yana yoyo, ni da kai ne."

Mai motar ya shiga sosa ƙeya. Maigareji ya fara roƙo a bar maganar a gida, amma Sufeto ya girgiza kai. Kayan na mai mota ne, ƙara kuma ta riga ta shiga caji ofis.

Kofur ya kama hannun Baffa. Sun kai bakin ƙofa sai Baffa ya ja ya tsaya.

"Auta!"

"Na'am, Baffa." Hawaye ne cike da idonta.

"Ki kife intakular ta tsane, ki busa mata iska har ta bushe kafin ki ɗaura. Kada ɗigon ruwana ya ɓata miki aiki."

Sufeto da kansa ya buɗe masa ƙofar mota, bai kuma bari an sa masa ankwa ba.