Kaset Daga Doguwa

An ɗaura auren Safara'u Bala da Mujitaba Audu ranar Asabar ta biyu bayan babbar Sallah, a ƙofar gidan mahaifinta da ke Ɗansoshiya ta ƙasar Kiru, mako bakwai bayan ranar da aka fara sawa. Mutanen gari sun ɗauka rufin ɗakin ango ne ya jawo jinkirin. Ba shi ba ne. Wata waƙa ce ta minti shida, wadda babu sunan mai ita a jikinta.

Mujitaba yana da rumfa kusa da tashar Bebeji, inda yake cajin waya da tura wa mutane waƙoƙi a memori. Safara'u malamar aji uku ce a firamare. Sun haɗu bara, ranar da ta je gidan yayarta a Bebeji, memorinta ya goge, aka nuna mata rumfarsa.

"Waɗanne waƙoƙi ne a ciki?" ya tambaye ta.

"Ban san sunayensu ba."

"Mawaƙan fa?"

"Su ma haka."

"To, malama, da me zan nemo su? Ƙasa zan buga?"

Ta waiga, ta ga babu kowa kusa, ta rage murya ta rera masa amshin ɗaya. Ya gane ta kafin ta kai ƙarshe. Ta biyu ma haka. A ta biyar ya ce bai ji sosai ba, ta maimaita. Sai da ta maimaita sau uku kafin ta lura dariya yake dannewa.

Daga nan suka kafa ƙa'ida. Kowace Alhamis zai turo mata waƙa ɗaya, ta tura masa ɗaya, babu bayani. Wanda ya karɓa shi zai faɗi dalilin da ya sa aka zaɓa masa ita. A gidansu Safara'u sabis ba ya kamawa sai a gefen rumbu, don haka nan take tsayawa da waya a sama har waƙar ta sauka.

Ba su taɓa yarda da zaɓin juna ba. Ita 'yar waƙoƙin zamani ce, masu fiyano. Shi kuwa garaya, kukuma da kiɗan noma.

"Wannan ai ta kakanni ce," in ji ta wata rana. "Tari kawai nake ji."

"Naki kuma duk murya ɗaya ce, zuciyata. Inji ne ke yi musu, su suna shan shayi."

"To me ya sa ka saurare ta har sau huɗu?"

"Wa ya gaya miki?"

"Kai, yanzu."

Cikin wata takwas aka kai gaisuwa, aka sa rana.

Saura mako uku biki, Mujitaba ya karya ƙa'ida, ya haɗo waƙar da saƙo: ita wannan, shi kansa bai san ko wace ce ba. Wani direba mai suna Mainasara, da ke jigila a hanyar Doguwa, ya kawo masa jakar tsofaffin kasa-kasai ya juye masa su a memori, saboda sabuwar motarsa ba ta cin kaset. Ɗaya ba shi da rubutu ko kaɗan. Mace ce take waƙa a gidan biki, ƙwarya na tashi, mata na amshi.

Safara'u ta kunna ta a tsakar gida bayan la'asar, tana tsintar shinkafa. Kakarta, Inna, tana kan tabarma tana gyaran rama. Muryar ta fito da ƙarar tsohon kaset a bayanta, mai kauri, ba ta sauri:

"Mai zuwa ƙasar Kiru, tsaya in ba ka saƙo,
Ka gai da Baleri ƙanena, mai ƙofa da sakata,
Ka ce ruwan da ya dake ni a bakin zaure ya bushe..."

Hannun Inna ya tsaya a cikin ramar. Daidai lokacin mahaifin Safara'u, Malam Bala, ya shigo daga masallaci. Ya cire takalmi ɗaya, ɗayan yana ƙafarsa.

"Kashe."

Ta kashe.

"Wa ya ba ki wannan?"

"Mujitaba ne ya turo, Baba."

"Shi ya zaɓa miki?"

"E... kullum Alhamis muna..."

"Ki gaya masa kada ya sake tako ƙofar nan."

Washegari ya aika wa Malam Audu, mahaifin Mujitaba, cewa a dakata da maganar biki. Bai faɗi dalili ba.

Safara'u ta yi kuka ranar, ba mai yawa ba. Abin da ya fi damunta tambaya ce. Mahaifinta ba mai hana jin waƙa ba ne. Rediyonsa na rataye a kafaɗa har gona. Me ke cikin wannan?

"Me na yi?" in ji Mujitaba a waya.

"Kai zan tambaya. Ka san matar?"

"Wallahi, Safa, muryar ce kawai ta kama ni. Na ce bari in ga ko wannan karon za ki yarda tsofaffi sun iya."

"Ba ka san wani Baleri ba?"

"Na san uku a tasha. Babu mai yaya mawaƙiya."

"Ba wasa nake ba."

"Ni ma ba wasa nake ba. Na sayi katifa..."

Ta kashe wayar don kada ta yi dariya, don kuma kada ta sake yin kuka.

Ta saurari waƙar ita kaɗai, da abin kunne, har ƙarshe. Sannan ta jira ranar da mahaifinta ya tafi gona da sassafe, ta shiga ɗakin Inna da kokon fura.

"Yau kuma cin hanci aka kawo mini?" in ji tsohuwar.

"Inna, wane ne Baleri?"

"Ki ajiye furar tukuna."

Ta ajiye. Inna ta ɗauki ludayi, ta juya, ba ta sha ba.

"Ubanki ne. Mutum ɗaya ce take kiransa haka a duniya."

"Wace ce?"

"Yayarsa."

"Baba yana da yaya?"

"Ni na haife ta, ke za ki tambaye ni?"

Labarin bai yi tsawo ba a bakin Inna. Yarinyar tun tana ƙarama ba ta wuce ƙwarya a kife ba tare da ta buga ba. Da aurenta ya mutu ta dawo gida, sai ta fara bin mata masu kiɗan biki. Kakan Safara'u malamin allo ne, ya ce ta zaɓa: ko gidansa ko ƙwarya. Ta ɗauki zanenta ta tafi. Da ya rasu ta zo ta'aziyya, cikin damina. Bala, yana ɗan shekara ashirin da biyu, ya sa wa zaure sakata. Ta tsaya a waje ruwa ya ƙare a kanta, ta juya. Shekara talatin da ɗaya ke nan.

"Ke kina ina, Inna?"

"Ina takaba, a wannan ɗakin. Ina jin sallamarta."

"Mene ne sunanta?"

"Kin taɓa jin na kama sunan 'yar fari? Je ki tambayi uwarki."

Mahaifiyarta ce ta faɗa mata, a madafa, da murya ƙasa-ƙasa: Kulu. Ita ce kuma ta warware mata sauran. Kafin aure dangin namiji kan yi bincike a kan asalin yarinya, kowa ya san haka. A ganin Malam Bala, mutanen Bebeji sun tono abin da ya binne, sun ƙi faɗa baki da baki, suka aiko da shi a waƙa. Habaici ke nan. Idan tun kafin a kai ta an fara, to ranar da ta fasa kwano a gidan za a ce mata jinin maroƙa.

"Yana ganin kare ki yake yi," in ji uwar.

"Amma Mujitaba bai sani ba."

"Ke kika san haka. Shi fa?"

Safara'u ta kira Mujitaba ta gaya masa duka, ba ta rage ba.

"Kina nufin wannan muryar gwaggonki ce?"

"Haka aka ce."

"To shi ya sa kika iya amshi."

"Mujitaba..."

"Na ji, masoyiya. Me kike so in yi?"

"Ka nemo direban. Ka kawo shi da kaset ɗin, Baba ya ji daga bakinsa."

Kama Mainasara ya ci mako huɗu. Yau yana Doguwa, gobe ya yi lodin masara zuwa Kano, jibi mota tana gareji. Ranar wata Lahadi da hantsi suka iso Ɗansoshiya shi da Mujitaba a babur. Malam Bala ya so ƙin fitowa, amma baƙo mai furfura ya yi sallama a ƙofarsa, babu yadda zai yi. Safara'u ta kai ruwa zaure, ta koma bayan ƙofa ta tsaya.

Mainasara ya ajiye kaset ɗin a kan tabarma. Ya ce shi ya ɗauke shi da rikodarsa, a bikin wansa a Burumburum, shekara ashirin da wani abu da suka wuce. Yaron nan bai tambaye shi komai ba sai ko yana son a rage ƙarar.

"Ka san matar?" in ji Malam Bala.

"Kulu mai ƙwarya? Duk wanda ya yi biki daga Tudun Wada zuwa Doguwa a lokacin ya san ta. Da wannan waƙar take rufe kowane biki."

"Kowanne?"

"Kowanne, Malam. Har yara sun haddace. Mu mun ɗauka Balerin nan ƙirƙirarsa ta yi."

Malam Bala ya kau da kai daga kaset ɗin. Safara'u ta san halin mahaifinta. Bai yarda ba tukuna. Ta fito, ta durƙusa a bakin ƙofa, wayar a hannunta.

"Baba, ka yi mini afuwa. Minti biyu ka ji. Saura huɗu."

"Tashi ki shiga gida."

"Zan shiga. Ka ji tukuna, in ka ce a bari, wallahi na bari."

Bai ce e ba. Bai kuma sake cewa ta tashi ba. Ta kunna daga inda ya katse.

Babu zagi a sauran. Tambayoyi ne, ɗaya bayan ɗaya, mata na amsawa. Ko Baleri ya daina tsoron tsallake rafi. Ko Inna tana cin goro har yanzu. Ko rijiyar gida tana kai rani. Sannan na ƙarshe:

"Ka tambaye shi ko ya yi aure, ko ya samu 'ya mace,
In ya samu, ranar bikinta a aiko, ba na karɓar ko kwabo."

Ƙwaryar ta tsaya, aka ji guɗa, kaset ya ƙare.

Malam Bala ya cire hularsa, ya duba cikinta, ya mayar. Ya juya wajen Mujitaba.

"Yanzu ka sani."

"Na sani, Baba."

"Mahaifinka fa?"

"Na gaya masa tun makon da na ji. Ya ce su yarinya suka gani suka nema."

"Kai me ka ce?"

"Baba, ni sana'ata tura waƙa ce a bakin tasha. In gori za a yi, ai ni za a fara yi wa."

Mainasara ya yi dariya shi kaɗai. Malam Bala ya miƙa hannu ya ɗauki kaset ɗin, ya juya shi gaba da baya kamar mai neman rubutun da babu.

"Tana ina yanzu?"

"Rabona da ita ya fi shekara goma," in ji direban.

Da yamma Malam Bala ya aika Bebeji a sake sa rana. Ya kuma ce wa Safara'u ta sa wa Inna waƙar tun daga farko. Inna ta saurara da bayanta a jingine da bango. Da aka zo kan goro ta ce, "Ina ci mana," kamar mai amsa wa wadda ke zaune a gabanta.

Tun daga ranar Mujitaba yake sa waƙar a lasifikar rumfarsa duk lokacin da motar kudu ta tsaya sauke fasinja. Kafin biki mutum uku sun tsaya sun ce sun san muryar. Wata tsohuwa ta ce Kulu ta rasu a Doguwa, shekara shida da suka wuce. Wani mai awon hatsi ya rantse ya gan ta bara a kasuwar Tudun Wada, tana sayar da daddawa. Na ukun ya ce Kulu biyu ne aka yi masu ƙwarya a yankin, bai san wacce ake nufi ba.

Malam Bala ya je Tudun Wada da kansa ran kasuwa, kwana tara kafin ɗaurin aure, da katin gayyata a aljihu. Ya sami layin masu daddawa. Suka ce akwai wata Kulu, tsohuwa, takan zo daga wajen Burumburum, amma kasuwa uku ke nan ba ta fito ba. Ya bar katin a hannun maƙwabciyar rumfarta.

Har aka kai amarya Bebeji, babu wanda ya zo da katin.