Riƙe Mini Wannan Wayar

Da la'asar sakaliya na sauka daga bas a unguwar Chilanzar, da jakar kayan aikina a kafaɗa. Munira-opa ce ta kira ni, matar marigayi Tursun-aka, malaminmu a kulob ɗin rediyo. A hannunsa muka koyi haɗa kwamfuta tun zamanin da sai dai ka yi abarka da kanka: ka liƙa komai da dalma, ka jona da talabijin ɗin gida, ka loda wasa daga kaset yana ƙara kamar an taka wa kyanwa wutsiya. Irin waccan tsohuwar na'urar ce ya rasu ya bari a buɗe a garejinsa. Matar tana so jikarsu ta ga wasan da kakanta ya rubuta da hannunsa.

Ni Erkin, Allah bai ba ni kyau ba, gashin kaina ma ya karɓi abinsa tun da wuri, amma ya ba ni hannu. A lokacin na haura hamsin, hannuna na dama bai taɓa rawa ba. Da shi nake gyaran wayoyi a kasuwa, da shi nake ciyar da gidana, kuma ban taɓa jin kunyar yin alfahari da shi ba.

Munira-opa ta miƙo mini mabuɗi a bakin bene. Ta ce in bari sai da safe mana, marigayin ba ya yarda kowa ya leƙa garejin idan magariba ta gabato. Na yi dariya, na ce ai rowa ce irin ta tsofaffi, kada a ga inda yake ɓoye dalma mai kyau.

"To, kai ka sani," in ji ta. "Bari in ɗora maka shayi."

Garejin yana can ƙarshen layi, bayan itatuwan tuffa. Ƙofar ƙarfe, ƙwan lantarki guda. Ciki warin ƙura da tsohuwar takarda, da ƙamshin ƙaron da muke tsoma bakin ƙarfen liƙi a ciki. Na'urar tana kan tebur, cikinta a waje. Ban daɗe ba na gano ciwon: wata siririyar waya ce ta ɓalle daga allon da ke cikinta.

Na duba ko'ina ban ga maƙalin riƙe waya ba, ko guda. Abin ya ɗaure mini kai. Liƙi aikin hannu uku ne, ɗaya ƙarfe, ɗaya dalma, ɗaya ya danne waya. A kulob Tursun-aka ya kafa mana doka cewa duk wanda ya riƙe maka, dole kai ma ka riƙe masa, wanda ya ƙi kuwa sharar ɗaki ta hau kansa. Amma shi da kansa, a shekarunsa na ƙarshe, ya daina kiran kowa ya taya shi. Kullum manuniyar yatsansa a naɗe da tsumma. Mu kuwa muna ta tsokanarsa, wai tsufa ya sa ya fara dafa kansa.

Na jona ƙarfen, na janyo gilashin ƙara girma, na sunkuya. Wayar ta ƙi zama. In na danne ta da gefen ƙarfe, sai ta zille. Hasken da ke shigowa ta ƙasan ƙofa ya koma ja, sannan ya dushe. Hayaƙin ƙaro ya shiga hancina, ya mayar da ni yaro a kulob, abokai a dama da hagu. Ban ɗaga kai ba, bakina kawai ya faɗi abin da ya saba.

"Riƙe mini wannan wayar."

Aka riƙe.

Yatsa ne ya shigo ƙarƙashin gilashin, dogo, launin toka. Babu farce. Fatarsa sumul, babu zanen nan da ke kan yatsan kowane ɗan Adam. Ya danne wayar daidai inda nake so.

Karnukan layin suka yi tsit. Ban ji numfashi a bayana ba, sanyi kawai nake ji a wuyana. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa sani ba, amma hannu ya riga ya saba. Na kai ƙarfe, na kai dalma. Ɗigo ɗaya ya zubo a kan yatsan, yana tafasa.

Bai motsa ba.

Liƙin ya yi kyau, yana ƙyalli. Yatsan ya janye a hankali. Sai wata murya ta zo dab da kunnena, shuu, kamar kaset kafin sauti ya fara.

"Saura ni, ƙanena."

Aka zare ƙarfen daga hannuna. Wani abu ya kama wuyan hannuna na dama, ya kwantar da manuniyata a kan allon, kan wata waya da ban san da ita ba. Na ja. Kamar an kafe ta da ƙusa.

Bakin ƙarfen ya sauko. Dalma ta narke, ta bi wayar tana gangarowa wajena.

Na buɗe baki in yi a'uziyya, harshena ya ƙi.

Na ji ƙaurin naman jikina kafin in ji zafin.

"Kar ka motsa," in ji muryar. "Malaminka bai taɓa motsawa ba."

Ƙofar ƙarfen ta yi ƙara. Munira-opa ce, ba shayi a hannunta, sai kasko yana tuɗaɗa hayaƙin isirik, ciyawar da iyayenmu ke turarawa don korar mugun abu. Tana karatu da ƙarfi. Ƙarfen ya faɗi a kan tebur. Na fizge hannuna, na bar fata a kan allon, na fita da rarrafe.

A kicin ta tsoma mini yatsan cikin ruwan sanyi. Nan ta gaya mini cewa shekara da shekaru tana jin mijinta ta bayan ƙofa yana cewa a riƙe masa, ta ɗauka surutun tsufa ne. Masu yi masa wanka kuma sun rasa yadda za su lanƙwasa yatsan nan, a miƙe aka binne shi.

Na'urar ta tashi, jikar ta buga wasanta, aka sayar da garejin. Ƙunar ta warke. Amma na bar rumfata a kasuwa, domin hannun da nake taƙama da shi yanzu ko cokali ya ɗauka sai miya ta zube. Rawa yake yi tun daga asuba.

Lokaci ɗaya ne kawai yake tsayawa cak. Da rana ta faɗi, ko ina nake, ko a bas ko a kan tabarmar cin abinci, sai in ji ƙamshin ƙaro. Yatsan ya miƙe da kansa, ya danne abin da ke gabana, ya ƙi ɗagawa. Matata takan kawar da kai, ni kuma in zauna shiru ina jira a gama aikin.