Haƙorin Yanke Zare

"Juyo mini da fuskarki gaba ɗaya mana, Telata. Kwana biyu rabi kike ba ni."

"Haske ne ba ya kama wannan ɓangaren..."

"Har hasken ma ya ɗaura gaba da ni?"

Ta so ta yi dariya, haƙori ya hana. Ta ƙara jan mayafi ta rufe kuncin hagu, ta karkata wayar.

Mijin nata mai walda ne. Aikin gada ya kai shi gari mai nisa, ya bar ta da ciki a hannun mahaifiyarsa. Kullum da hutun rana sai ya laɓe a inuwar motar kaya ya kira ta ta bidiyo, gumi na bin wuyansa, shatin gilashin walda kewaye da idanunsa. Wannan kiran shi ne abincinta, shi ne ruwan shanta.

"In fushi kike don na tafi, ki faɗa mini."

"Ba fushi nake ba."

"To yi mini murmushi. Guda ɗaya tak, in koma bakin aiki da shi."

"Ga mai ɗinki ta zo... sai anjima."

Ta kashe wayar. Babu wata mai ɗinki. Ta kifa goshi a kan keken ɗinkinta, hawaye na ɗiga kan yadin mutane.

Ai kun san so, ba ya rasa ƙofar shiga. Nasu ta maɓalli ya shigo. Ranar da ya fara leƙa shagonta, riga ya miƙo mata wadda maɓallinta ya fita. Ta ɗinke nan take, ta sunkuya ta datse zaren da haƙorin gefe. Ya sha gaya mata daga baya: "Ranar nan ba zare kaɗai kika ciza ba." To wannan haƙorin ne shekarun cizon zare suka tsaga. Ya fara da tsami, ya koma zugi, yanzu har kunne da ido yake harbawa.

Me ya hana ta magana? Cikinta na fari, zazzaɓi ya kwantar da ita, aka yi mata allura, bayan nan cikin ya zube. Likita ta ce zazzaɓin ne, ba allurar ba. Amma zuciyar uwa ba ta jin bayani. Tun da wannan cikin ya zauna ta ƙudurta ko ƙwayar magani ba za ta haɗiya ba. Kuma ta san mutumin nata: ya ga kumburin nan, zai yar da aikin da suka daɗe suna roƙon Allah ya hau mota.

Surukarta, Inna, tana zaune a bakin ƙofa kan kujerarta ta kullum. Idanun Inna sun yi rauni, sai dai kunne, ko allura ta faɗi sai ta ce ga inda take.

Tela ta share hawaye ta ci gaba da ɗinki. Ta kai ƙarshen layi, ta lalubo almakashi. Ƙit.

Inna ta ɗago kai.

"'Yar nan."

"Na'am, Inna."

"Tun yaushe kika koyi yanke zare da almakashi?"

"Ai... ya fi tsabta."

"Ni za ki yi wa wayo? Tun da kika shigo gidan nan nake yi miki faɗan cizon zare kamar ɓera, ba ki ji ba. Yau rana tsaka kin shiryu? Zo nan."

Ta matso a hankali ta durƙusa. Inna ta zame mayafin, ta ɗora tafin hannu. Kuncin ya yi suntum, zafi rau kamar bayan dutsen guga.

"Innalillahi... Ni da nake ce wa maƙwabta ciki ya karɓe ki, kin yi kumatu. Ashe kumatun gefe ɗaya ne. Ɗauko takalminki."

"Inna, allura za su yi mini."

"Su yi."

"Wancan karon ma..."

Inna ta riƙe hannayenta biyu. "Wancan jikana ne, ni ma na yi kukansa. Amma amanar mutum biyu aka bar mini, ba ta ɗaya ba. Tashi."

Ɗakin likitar haƙori fari ne tas, ga warin magani, ga doguwar kujera da fitila rataye a kanta. Likitar ta tambayi watannin cikin, ta leƙa bakin.

"Ƙanwata, haƙorin nan ya tsage har ƙasa, mugunya ta taru. Yau zai fita."

"A bari in haihu, likita. Zan iya daurewa."

"Na ga alama, ai kin daure har ya wuce misali. Allurar da zan yi miki dasashi kawai za ta kashe, muna yi wa masu ciki. Abin da nake jiye wa ɗanki shi ne wannan zazzaɓin da ya fara hawa."

Zazzaɓi. Kalmar ta sauka a ƙirjinta. Ashe abin da take gudu, shi ta yi kwana da kwanaki tana reno a bakinta.

Aka sa mata matashi a ƙugu, aka ɗan karkata ta hagu don numfashi ya sake. Ta ɗora hannu a ciki. Babu motsi. Ta rufe ido... da ma mijinta yana nan.

"Ke, ya ake kunna abin nan?" Inna ce ke fama da waya. Ma'aikaciyar jinya ta danna mata. Sai ga muryar mijin cikin ƙarar injina.

"Inna? Silin nake gani."

"To ga abin da ya fi silin." Ta juya wayar.

Ya ga fuskar gaba ɗaya.

"Wannan kika ɓoye mini, Telata?"

"Na ji tsoro..."

"Ni ina nan ina ta laluben laifina. Har tsohon laifin da kika yafe na tono."

"Kar ka bar aikin."

"Ba zan bari ba. Ke ma kar ki tashi daga kujerar nan. Inna, riƙe mini hannunta, nawa bai kai ba."

Haka aka yi. Allura ta shiga, yana ta zuba mata surutu: abokin aikinsa mai munshari, ɗankwalinta da ya sace ya sa a jaka. Hawaye na gangara mata cikin kunne. Ba ta san an gama ba sai da ta ji ƙarar abu a faranti.

Hannun Inna na kan cikin. Can sai tsohuwa ta zabura.

"Kai! Ja'iri, ni ka shura?"

Tela ta fashe da kuka, auduga a baki. Daga cikin wayar ma ba a jin komai sai jan hanci.

Ranar hutunsa ya iso, kumburi ya saɓe. Yini ɗaya aka ba shi. Da lokacin komawa ya yi, ya tsaya gaban keken, ya buɗe tafin hannu: maɓalli, da ɗan ƙaramin almakashi mai igiyar ratayawa.

"Ya cire a hanya."

"Ƙarya yake," in ji Inna daga bakin ƙofa. "Da kunnena na ji ya tsinke shi."

Tela ta zura zare tana murmushi, cikakke wannan karon, har da giɓin. Ta ɗinka maɓallin a jikinsa, tana jin bugun ƙirjinsa a bayan yatsunta. Da ta sunkuya za ta ciza, ya tare kuncinta da hannu.

"A'a. Ragowar haƙoran nawa ne."

"Mota za ta tafi ta bar ka," Inna ta ce.

Inna ta kasa kunne tana jiran ƙit ɗin almakashi, shiru. Ita kuwa Tela, da ta kai ƙarshe sai ta sake zura allura ta ƙara zagaye ɗaya. Tun da take ɗinki, ba ta taɓa daɗewa a kan maɓalli guda haka ba.