Ƙofa Ta Biyu

Bayan isha'i, garin Makka ya ɗau zafi, sai wani tsoho mai rigar fatar tumaki ya tsaya a shagon Lurwanu mai shayi a unguwar Jarwal, ya roƙi kofi ɗaya.

"Halas, Baba, mun tashi," in ji Lurwanu, ko kallonsa bai yi ba.

"Ɗana, a ƙasarmu Mongoliya, in sanyi ya fara kashe dabbobi, ko maƙiyi ba a hana shi shayi. Sau ɗaya aka taɓa rufe mini ƙofa, na kwana a waje cikin sanyin nan."

Kunya ta rufe Lurwanu. Ya tsiyayo da sauri, ya miƙa da hannu biyu. Shayin ya daskare a kofin. Ya ɗaga kai, ya ga gemun tsohon duk ƙanƙara.

"Taka ce ta biyu," in ji tsohon.