Sai An Yi Ruwa

Keken ɗinkin yana tsakanin gado da ƙofa, duk mai fita sai ya karkace. Shekara uku ke nan Amarya, kamar yadda har yanzu ake kiranta, tana ɗinki a ɗaki ɗaya a gidan uwar mijinta. Ranar da shekara ta kama, mijin nata, wanda bakanike ne, ya ce, "Bana za mu tashi in sha Allahu, na yi alkawari." Ita ma ta ɗauki nata: ta daina yi masa gorin ɗaki.

Wata huɗu suna yawon duba gidaje. Haya ta yi tashin gwauron zabo. Wani gidan babu ruwa, wani kuma mai shi ya ce ba ya son ƙarar keke. Amarya ta kasa zaune ta kasa tsaye, ko ɗinki take kunnenta yana kan waya.

Rannan dillali ya kai su wani gida: ɗaki biyu da falo, sabon fenti, tayil har kicin.

"Madam, mutum uku ke layi," in ji shi. "Yau ne ko a rasa."

Da murnarsu suka gaya wa Mama. Ta saurara, sannan ta ce, "Kada ku kama sai an yi ruwa."

"Mama, damina fa sai nan da wata guda," in ji ɗan nata.

"Na sani. Gida kamar mutum yake, ba a gane halinsa ranar kwalliya."

Washegari aka ba wa wasu gidan. Amarya ta sha kuka. Ta kira yayarta a waya, ita kuwa ta ƙara wa wutar fetur: "Ki tattaro kayanki ki taho gida. Namijin da har yau uwarsa ke goye da shi, yaushe zai riƙe ki?"

Har ta sauko da akwati. Da yamma mijin ya dawo, hannu duk baƙin mai, ya ga akwatin, ya zauna a ƙasa. Maganganu masu zafi suka cika mata baki. Ta tuna alkawarinta, ta haɗiye su da ƙyar.

"Ban manta ba," ya ce a hankali. "Ki ba ni wata ɗayan nan. In Mama ta yi kuskure, da bakina zan faɗa mata."

Ta mayar da akwatin, amma ranta bai kwanta ba.

Da aka yi ruwan farko, suka je layin gidan nan da suka rasa. Ruwa har gwiwa. Fentin nan ya kumbura yana ɓarewa, masu hayar suna kwarfe falo da bokiti, katifunsu shanye a kan katanga.

Suna dawowa Amarya ta durƙusa gaban surukarta. "Mama, ki yafe ni. Na zaci ba kya son mu tashi ne."

Mama ta yi murmushi, idonta ya kawo ruwa. "Ai ba ki yi ƙarya ba, 'yata. Ba na so. Wa zai riƙa taya ni hira? Amma rashin son rabuwa daban, in bar ku ku faɗa kwata daban."

Ita da kanta ta bi ƙawayenta da cigiya, har aka samu wani gida a kan tudu, layi biyu daga nata. Fentinsa tsoho ne, amma bangonsa a bushe. Ranar tashi ita ce shugabar aiki.

"Ku naɗe farantai da zannuwa. Gado za a fara kaiwa, in kun gaji ku sami wurin kwanciya."

Da mota za ta tashi, Amarya ta kama hannunta. "Mama, shigo mu je. Ke za ki fara buɗe ƙofar."

Alkawarin farkon shekara ba da gaggawa ake cika shi ba, sai da haƙuri. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba.