Wayar Basiratu

"Ta sake yankewa!"

Rafia ta jefa wayar kan katifa. Saura kwana goma a ɗaura aurenta da Khalidu mai gyaran waya a unguwar Krofrom, amma waƙoƙin da ya tara mata a manhajar jin waƙa sun ƙi ci gaba. Kullum da hantsi waƙa na tsaka sai ɗif! Ta kashe waya ta kunna, ta sayi sabon data, ta goge manhajar ta sake saukewa. A banza.

Ƙawarta Aziza, wadda ta daɗe tana satar kallon Khalidu, ta ɗauki wayar ta karanta rubutun da ya fito.

"Chale, ƙawata, ba netwok ba ne. Asusunku ɗaya ke da shi, kuma waya ɗaya kawai ke iya ji a lokaci guda. An ce wai ana ji a wayar Basiratu."

"Wace Basiratu?"

"Akwai wata farar yarinya mai sunan a unguwar Aboabo... ni dai ban ce komai ba."

Kukan Rafia ya shigo da Kaka ɗakin, ludayi a hannu. Ita ta raine ta, kuma duk Zongo ba wanda ya san ta da wani suna sai Kaka Mai Wakye, saboda shinkafa da waken da take sayarwa.

"Wa ya mutu?"

"Kaka, Khalidu... waƙoƙina ya ba wata mace."

Kaka ba ta tambayi sunan macen ba. Ta sha ɗamara da mayafi, ta sungumi ƙwaryar goron gaisuwar da dangin Khalidu suka kawo, ta ja Rafia suka faɗa motar haya ta trotro.

"Kai ɗan banza, fito!" Kaka ta daka wa Khalidu tsawa a ƙofar shagonsa. "Ga goronka! Dama ban taɓa sonka ba. Jikata ba tsintacciya ba ce!"

Khalidu ya miƙe, fuskarsa ta yi fari.

"Kaka, me na yi? Rafia, hasken idona, ki yi magana..."

"Kar ka ƙara kirana haka!"

"Kuma ko aikin ma ba ka iya ba," Kaka ta ɗora, ta zaro tata wayar daga lalita. "Wannan abin da ka sa mini, ina tsaka da jin waƙata sai ya yi shiru kamar an shaƙe shi. Yau sai ka biya ni haƙƙina!"

Rafia ta juyo a hankali.

"Kaka... yaushe ya sa miki waƙa?"

Kaka ta kau da kai.

"Rediyona ya mutu. Ya ce in danna koren nan. Sai in yi shela a Zongo?"

Khalidu ya karɓi wayar Rafia ya duba. Ya haɗiye wani abu mai kama da dariya.

"Kaka, don Allah danna koren."

Ta danna. Kiɗan kalangu ya cika shagon. Ya kunna ta Rafia, ta Kaka ta yi ɗif. Kaka ta sake dannawa da fushi, ta Rafia ta mutu.

"Karanta sunan da ƙarfi," in ji shi.

Rafia ta duba wayarta. "Wayar... Basiratu."

Kaka ta zabura kamar an watsa mata ruwan zafi.

"Ke! Uban wa ya ba ki izinin kiran sunana gatsal a bainar jama'a?"

Rafia ta zaro ido.

"Sunanki?"

"Shekara arba'in ba wanda ya kira shi tun rasuwar kakanki!"

"A katin shaidarta na Ghana Card na gani, ranar da na yi mata rajistar layi, sai na sa wa wayarta," Khalidu ya ce a hankali. "Ita ta ce kar in faɗa miki."

Rafia ta rufe fuska da tafukanta, hawaye na bin yatsunta.

"Khalidu, ka yafe mini... Aziza ce ta ce..."

"Kin yarda zan iya?" Idonsa ya yi ja. "Wannan ya fi mini zafi, Rafia."

"Tsoro na ji. Wallahi tsoron rasa ka na ji."

Ya daɗe yana kallonta kafin ya miƙa mata hankici.

"To kishiyar taki ga ta nan da ludayi."

"Rufe mini baki!" Kaka ta buga ƙasa da ƙafa. "Aziza kuwa ta sake taka mini gida, ta ga aiki. Ni yanzu waƙata fa? Wa zai gyara?"

"Akwai asusun iyali a manhajar, kowa ya ji tasa. Amma sai 'yan gida ɗaya ake yi wa."

Kaka ta harare shi sama da ƙasa. Ta ɗauki ƙwaryar goron ta ɗora a kanta.

"To ka yi sauri ka zama ɗan gidan mana, sakarai!"