Kwamfutar Gwiwa Ba Ta Cewa A'a

Da hantsi rahoton ya iso wa Sufeto Ukasha a Kazaure. Maciji ya sari Malam Daudu a gonarsa ta Gwiwa, an yi masa allurar maganin dafi a wani asibitin kuɗi, ya cika. Da aka gwada kwalbar, ashe ruwan gishiri ne. Bilqis, nas ɗin da ta yi allurar, tana tsare, ranar Litinin sai kotu.

"Yallaɓai, wallahi sai da na haska lambar kwalbar," ta ce, idonta ya kumbura. "Kwamfuta ta ce mai kyau ce."

Ukasha bai yarda ba, duk wanda aka kulle a bayan kanta haka yake rantsuwa. Amma ya leƙa hedkwatar asibitin, inda babbar kwamfuta take tantance magungunan rassan Roni da Babura da Gwiwa.

Injiniya Lubna ta duba, ta dafe ƙirji.

"Yallaɓai, rabon da Gwiwa ta tambaye mu wani abu tun kafin damina."

"To wa ke ba ta amsa?"

"Manhajar reshe sunan babbar kwamfuta kawai ta sani. Akwatin intanet ɗin reshen take tambaya, shi yake ba ta adireshi, kamar baƙo mai neman kwatance. In ya nuna mata wani gida, can za ta."

"Wa ya haɗa akwatin?"

"Haladu, mai kula da sitonmu. Mamacin ma kawunsa ne."

Suka tafi Gwiwa tare. Ukasha ya ɗauki gwangwanin madara a teburin shayi ya haska. Allo ya rubuta: magani mai kyau. Ya haska kwalin sukari. Magani mai kyau!

"Innalillahi," in ji Sufeto. Allah kaɗai ya san mutum nawa aka ɗura wa jabu.

Lubna ta bi waya har bayan firijin magani, ta zaro wata ƙaramar kwamfuta. Ashe ita ke amsa wa reshen. Lubna ta duba ta.

"Sunanta Rahamatu."

"Kwamfuta kuma da suna?"

"Ɗabi'ar Haladu ce. Duk wadda ya haɗa sai ya sa mata sunan 'yarsa. Ta Roni Dela, ta Babura Gumsu. Rahamatu ce jaririyarsa."

A zaman makoki suka sami Haladu kan tabarma, yana karɓar gaisuwa. Ukasha ya yi ta'aziyya tukuna, sannan ya janye shi gefe, ya tambaye shi batun reshen Gwiwa.

"Rabona da reshen nan tun bara, Yallaɓai."

"Yaushe aka yi sunan Rahamatu?"

"Bayan ƙaramar Sallah."

"Sallar bana ke nan. To wa ya sa wa wannan sunanta tun bara?"

Haladu ya kalli kwamfutar a hannun kurtun da ya rako su. Ya durƙushe.

"Maganin gaskiyar nake sayarwa a waje, in cika firiji da jabu. Ban taɓa zaton Kawu za a kawo ba. Shi ya riƙe ni tun ina maraya."

"Kuma ka zauna kana amsa amin, baiwar Allah tana kulle?"

Aka sa masa ankwa, aka wuce da shi ta gaban 'ya'yan Malam Daudu.

Da la'asar Ukasha ya buɗe wa Bilqis da kansa. Ba ta yi murna ba.

"Yallaɓai," ta ce, "a makon nan mutum biyu na yi wa allura daga firijin. Don Allah a nemo su."